Hutun Ista a Sharaɗa: aljihun wa ke biya?

Juma'a da Litinin ɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa a matsayin hutu duk shekara saboda bikin Ista gadon Turawan mulki ne. A Ingila dokar hutun bankuna ta 1871 ce ta sa Litinin ɗin cikin ranakun hutu, mu kuma muka ɗauka har ta shiga dokarmu. Asalin bikin ibada ce: bayan azumin kwana 40, Kiristoci na tunawa da gicciye Yesu da tashinsa, bisa imaninsu. Wannan haƙƙin masu addini ne, ba shi nake wa lissafi ba. Damuwata ita ce wanda nauyin hutun ke sauka a kansa.

Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano cike suke da leburori masu karɓar kuɗin yini. Ma'aikacin dindindin albashinsa na tafiya ko yana kwance a gida. Lebura kuwa, ranar da aka kulle ƙofa ba ya ganin ko sisi, Musulmi ne shi ko Kirista, alhali cefane bai san hutu ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, da yawansu a rediyo kawai suka ji shi. Haka suke sha da Sallah, haka da Kirsimeti.

Shi ma mai masana'anta yana da nasa kukan. Ɗanyar fata a majemun Challawa ba ta jiran kowa, in ba ta sha gishiri ba ta lalace. Injin narka roba in ya huce, sake zafafa shi sai an ƙona dizal mai yawa. Shi ya sa wasu ba sa rufewa, sai lebura ya wuni gaban inji ranar da doka ta kira hutu, ba lallai a ƙara masa komai ba.

Sai kuɗin mota. Mai son yin bikin da iyalinsa a Anacha ko Aba zai nufi tashar New Road a Sabon Gari, inda kuɗin safa ke tashi duk lokacin biki, balle tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023.

Sai kuma ƙwan cakulan na bikin Ista, wanda shi ne na fi shakka a kansa. A da coci na hana cin ƙwai lokacin azumi, to in an kammala sai iyalai a Ingila su dafa, su rina, su raba wa yara. Kamfanin Fry na Bristol ya mai da shi cakulan a 1873, Cadbury ya biyo baya a 1875, daga nan abin ya zama kasuwa. Kokon da ake yin cakulan ɗin da shi daga gonakin Kwaddibuwa da Gana da Ondo yake fita ɗanye, kuma a 2024 tan ɗaya ya haura dala 10,000. Duk uban da ya ɗauko wa 'ya'yansa wannan al'ada a Kano, kayanmu yake sake saye da tsadar dala, alhali masu yin alawa a Bompai na neman ciniki.

Ƙungiyar ƙwadago da ta masu masana'antu reshen Kano suna iya zama su sa kuɗin ranakun hutu cikin yarjejeniyar ɗaukar lebura. Kwana biyu na Ista ba zai karya wani kamfani ba.