Jirgin kara bai rasa komi ba sai ma'auni

Da zarar an gama yankan hatsi a ƙasar Arewa, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai kara ya zama na yara. Duk wanda ya ratsa Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Gesheme ko Kore Mairuwa a farkon hunturu, zai tarar da su a gindin bango, kowa da tsohuwar aska, suna fere kara, suna ware totuwa daban, ɓawo daban. Da siraran ɓawon nan da ƙaya ake soke guntayen totuwa, har mota ta fito, ko akori-kura, ko jirgin sama da fukafukansa da wutsiyarsa. Waɗanda suka ɗan tasa sukan haɗa da waya da gwangwanin madara da tsohon silifa. Mafi yawan yaran nan ba su taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, sai dai ɗan farin layin da yake bari a sararin sama. Duk da haka abin da suke ƙerawa kowa ya gani ya san jirgi ne. Ladan da suke samu shi ne tsawa: a kore su daga zaure, a share jirgin tare da shara, ko uwa ta hura wuta da shi.

Wannan aikin da ake kira wasan banza a nan, a ƙasashen Turai sana'a ce mai masana'antu da kantuna da wuraren nuni. Faransawa suna kiran irin waɗannan ƙananan jirage maket. Kamfanin Heller na Faransa, wanda aka kafa a 1957, da Airfix na Ingila, sun daɗe suna sayar da su cikin kwali: ɓangarori na roba, da takardar bayani, mai saye ya yanke, ya manna, ya shafa fenti. Masu yin haka ba yara kaɗai ba ne, har da likitoci da sojoji da tsofaffin ma'aikata. In aka zo batun haƙuri da kaifin ido da iya hannu, yaron Dumega bai kasa su da komi ba. Abu guda ya raba su, shi ne ma'auni.

A jikin kowane kwali akwai lamba, misali 1/72. Ma'anarta ita ce, kowane santimetir guda a jikin maket yana tsaye ne a madadin santimetir 72 a jikin jirgi na gaskiya. Tun shekarun 1930 ake amfani da wannan ma'auni a Ingila, kuma a cikinsa mutum mai tsawon metir 1,80 yakan koma santimetir biyu da rabi. A ɗauki jirgin DC-10, wanda duk wanda ya yi zamanin Air Afrique, kafin rushewarta a 2002, ya sani. Tsawonsa kimanin metir 55 ne, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin kimanin metir 50. A ma'aunin 1/72 zai zama santimetir 76 a tsawo, kusan 70 a faɗi, watau abin ɗorawa bisa tebur. Iyakar ƙanƙantar lambar ƙasa, iyakar girman maket. A 1970 Airfix ya fitar da jirgin yaƙin nan Spitfire a ma'aunin 1/24, faɗinsa kusan santimetir 47, aka yi ta mamakin girmansa. DC-10 kuwa a wannan ma'auni zai wuce metir biyu ta kowane gefe, ba zai shiga ƙofar ɗaki ba sai an cire fukafukai.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Wanda ya saba da tiya da sikeli ya san bambancin "kamar haka" da "daidai haka". Yaron da ya ƙera jirgi da ido ya yi abin sha'awa, amma ba zai iya yin na biyu irinsa sak ba, ba kuma zai iya aika wa wani bayaninsa a takarda ba. Wanda ya auna ya raba ya rubuta, ya riga ya shiga aikin mai zanen gini da na injiniya, ko da da kara yake aiki.

To amma girma yana da tarkonsa, kuma a nan ne ilimin yake. In aka ninka tsawon jirgi sau biyu, da irin kayan da aka yi na farko, shimfiɗar fiffikensa za ta ninku sau huɗu, nauyinsa kuwa sau takwas. In aka ninka sau uku, kamar daga 1/72 zuwa 1/24, shimfiɗa ta ninku sau tara, nauyi sau 27. Shi ya sa ƙaramin jirgin kara yake tsayawa ƙyam, babba kuwa fukafukansa su sunkuya kamar kunnen tunkiya, daga baya su karye daga gindi. Maganin abin shi ne babban maket kada ya zama cushe. Ana yi masa ƙashin baya mai ƙarfi da haƙarƙari marasa nauyi, sannan a lulluɓe da takarda ko yadi, cikinsa fanko. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tanke jinkar ɗaki a ƙasa kafin a ɗaga ta a ɗora, ya san dabarar. Turawa suna yin wannan aiki da wani icce marar nauyi mai suna balsa, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado ake kawo shi. Arewa kuwa tana da totuwa kyauta a kowace gona.

Wannan tarko shi ne ya taɓa kama wasu yara biyu a Amurka. A 1878 mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo masu wani ɗan abin wasa mai tashi, na gora da takarda da zaren roba, irin wanda Bafaranshen nan Alphonse Pénaud ya ƙirƙiro. Suka kwaikwaya ya tashi. Suka yi manya, sai suka ga iyakar girmansa iyakar ƙin tashinsa, ba su kuwa san dalili ba. Da suka girma suka zama masu gyaran kekuna, tambayar ba ta bar su ba. A 1901 suka haɗa wani akwati da ake hura iska a cikinsa, suka gwada ƙananan fukafukai wajen 200, suna aunawa suna rubutawa. Ranar 17 ga Disamba 1903 jirginsu ya tashi da mutum, daƙiƙa 12. Wasa farin girki.

A kusa ma akwai abin lura. A 2007 labari ya bazu na wani ɗalibin jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda da tarkacen ƙarfe, har ya ɗaga kimanin metir biyu daga ƙasa. Irin wannan hannu ba daga sama yake faɗowa ba.

A wannan shekarar ce kuma aka yi wata babbar siffar jirgi a Nijar, ba don wasa ba, don juyayi. Ranar 19 ga Satumba 1989 bom ya tarwatsa wani DC-10 na kamfanin UTA a saman hamadar Tenere, mutum 170 suka rasu. A 2007 iyalan mamatan, tare da ma'aikata ƴan ƙasar nan, suka jera baƙaƙen duwatsu a kan rairayi cikin da'ira mai faɗin sama da metir 60, suka bar siffar jirgin a tsakiya daidai girmansa, watau ma'aunin 1/1. Suka kewaye ta da fasassun madubai 170, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye da sunayen mamatan. Ana ganinta har a hotunan tauraron ɗan Adam. 

Saura batun wurin ajewa, domin abin da ba a nuna ba, ba a daraja shi. Jirgin kara yana da maƙiya uku: gara, ƙurar hunturu da tsintsiya. Babba ba a aje shi a ƙasa, ana rataye shi ne a rufi daga wurare uku, nesa da bango. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, tun kafa shi a 1959, ya nuna cewa aikin hannu in ya samu rumfa yakan samu masu kallo da masu saye. Ajin makaranta ko zauren gidan matasa ya isa ya yi wa yaran Dogon Dutsi da Tibiri wannan hidima.

Abin da ake bukata bai kai a jira tallafin waje ba. Malamin makaranta ya rubuta a allo: DC-10, tsawo metir 55, faɗi metir 50, ma'auni 1/20. Yara su raba da kansu, su samu metir 2,75 da metir 2,50, su fita su auna kara. Darasin rabawa da suke gudu ya zama abin da suke roƙo. Ɗan kasuwa ya ba da abin awo da waya da fenti, ma'aikacin gwamnati ya ba da ɗaki da izini, a kira iyaye ranar kasuwa su zo su gani. Ba kowane yaro ne zai zama matuƙin jirgi ba, amma ƙasar nan tana neman magina da masu walda da kafintoci da suka iya karanta zane, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kaka mai zuwa kara zai sake cika gonaki. Kafin a kori yaron da ke zaure, a tambaye shi tsawon jirginsa, a miƙa masa abin awo.