Darasi daga Kogin Thames: Ruwa Ke Yanke Lokacin Tashi

Kogin Thames da ya ratsa birnin Landan ba kullum yake gangara gabas ba. Sau biyu a rana teku kan turo ruwanta cikinsa, kogin ya juya ya nufi yamma, ya yi ta hawa har Teddington inda madatsar ruwa ta tare shi, sannan ya juyo ya koma inda ya fito. A gadar London Bridge, tsakanin ƙarshen cika da ƙarshen janyewa ana iya samun tazarar kusan mita 7. Gefen da jirgi ya bi da hantsi, da la'asar sai ka tarar da laka da tsakuwa, tsuntsaye na kiwo a kai.

Wata ne ke jan ragamar wannan kai-komo, don haka lissafin ba baƙo ba ne ga mai ƙirga kwanakin watan Musulunci. Daga wata cika zuwa mai bi mata awa 12 ne da minti 25, shi ya sa cikar gobe ke makara da kimanin minti 50 a kan ta yau. Ruwan ya fi kawowa da ƙarfi jim kaɗan bayan tsayuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu. Tunda abu ne mai ƙa'ida, hukumar da ke kula da kogin tun 1909, wato Port of London Authority, kan buga jadawalin shekara guda cur: rana kaza, ƙarfe kaza da minti kaza, ruwa zai kai mita kaza.

Mu ɗauki mai ƙaramin jirgi da ke son fita daga Limehouse, gabashin birnin, zuwa Teddington, tafiyar kusan mil 20. Injinsa ba shi da wani ƙarfi. In ya tunkari ruwa mai janyewa, mai kawai zai ƙona yana tsaye wuri ɗaya. To daga ƙarshen tafiyar yake fara lissafi, ya dawo baya. A ce jadawali ya nuna ruwa zai gama cika a London Bridge ƙarfe 12 na rana. Ya san cikar ba ta isa Teddington sai bayan kamar awa guda, wato wajen ƙarfe 1. Tafiyar kuma, in ruwa na tura shi, za ta ci awa uku da rabi. Ke nan wajen 9:30 na safe dole a ce an buɗe masa ƙofar Limehouse ya fita. Baƙon da bai iso ba a lokacin, sai dai ya hau jirgin ƙasa ya tarar da su a can.

A tsakani akwai wuraren da ba sa yafiya. Gadar Hammersmith gajera ce. In ruwa ya cika fal, abin da ke tsakaninta da ruwa bai kai mita 4 ba, jirgi mai dogon rufi sai ya wuce ta tun ruwan bai gama hawa ba. A Richmond kuma, tun 1894 akwai ƙyamaren ƙarfe da ke tare kogin, ana ɗaga su ne kawai kamar awa biyu kafin ƙarshen cika zuwa awa biyu bayansa. Wanda ya kuskure wannan damar sai ya bi ta ƙofar gefe, ya biya kuɗi, ko ya ɗaure jirgi ya jira. Mutanen da, masu manyan kwale-kwalen kaya marasa inji, da wannan sani kaɗai da dogon filafili suke kai kaya cikin gari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba jadawalin ba ne, ikon da aka ba shi ne. Ba fasinja, ba mai jirgi, ba wani babban mutum da zai sa a buɗe ƙofa kafin ruwa ya yarda.

Kogin Kwara a Yawuri ko Lokoja ba ya cika ya janye kullum, amma shi ma yana da lokutansa: kawowar damina, da ta biyu mai isowa da hunturu daga tsaunukan Gini, da sakin ruwa daga madatsun Kainji da Jebba, da raguwar da ke kusanto da kututtukan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye. Sarkawa da tsofaffin masu fito sun san duk wannan kamar tafin hannunsu. Amma a tashoshinmu, tambayi matuƙi yaushe za a tashi, zai ce maka sai jirgi ya cika, ko sai kasuwa ta watse. A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi kasuwar Wara a jihar Kebbi, maƙare da mutum fiye da 150, ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. A Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Allah Ya jiƙansu. Kwana na Allah ne, amma ɗaure raƙumi kafin tawakkali aikinmu ne.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, sai dai doka daga ofis ba ta tsayar da jirgi. Abin da zan so in gani a kowace tashar fito shi ne allo a bakin ruwa, a rubuce da Hausa da ajami: lokacin da jirgin ƙarshe zai tashi don ya sauka kafin magariba, yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, da ranakun da za a saki ruwa daga madatsa. A tsara shi tare da Sarkin Ruwa, a kuma ba shi ikon hana kwance igiya in lokaci ya wuce, ko da amarya ce a ciki.