Na'urar da za ta tona asirin jabun magani ta yi wa Konni nisa

A kasuwannin Birnin Konni, Malbaza da Illela, mai sayen maganin zazzaɓi kwali kawai yake gani. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin magunguna goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci.

Dabarar MicroED, wadda Tamir Gonen da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Amurka a 2013, tana harba ilektaron kan 'yan ƙwayoyin gari, ta fito da tsarin sinadarinsu. A 2018 ta gane farasitamol a cikin garin magani.

Sai dai na'urar na cin miliyoyin daloli. Ko ɗakin gwajin magunguna na ƙasa, LANSPEX, yana Yamai ne, sama da kilomita 400 daga Konni.