Ragon da aka yi wa allura shekaranjiya ba ragon layya ba ne

Duk wanda ya taɓa yin Tabaski a Yamai ya san yadda abin yake. Liman ya yanka, kowa ya yanka nasa, a feɗe, a banƙare ragunan a kan sanduna, a jera su kewaye da wuta a bakin titi har yamma. Naman sai washegari ake yankawa a raba wa dangi, maƙwabta da mabuƙata. Abin da ake fara ci ranar salla shi ne kayan ciki: hanta, ƙoda, tumbi. Yara ke fara kai hannu. A nan damuwata take, domin hanta da ƙoda su ne inda saurar magani ta fi taruwa, sai kuma gurbin allurar.

Bara, saura kwana huɗu salla, wani dattijo ya kira ni na duba masa ragonsa Bali-bali. Wata biyar yana turka shi da dusa da harawa, kuma gobe yake shirin kai shi kasuwar Turaku. Na tarar da zazzaɓi da majina. Ya ce, "Ɗana, yi masa oksi ɗin nan mai ƙarfi, ya miƙe kawai." Na ce, "Baba, zan yi masa, amma bana ba zai ga Turaku ba." Ransa ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba: kuɗin hatsin gidansa ne a tsaye a turke.

Oxytetracycline mai dogon aiki ba ya barin jikin dabba cikin kwana biyu. Adadin kwanakin da za a jira kafin yanka yana rubuce a jikin kwalba, sau da yawa mako uku zuwa huɗu. Wuta kuwa, komai zafinta, ba ta ƙona maganin duka. Mai cin irin naman nan a kai a kai, ƙwayoyin cuta na sabawa da maganin, ranar da ya kwanta a asibiti ya ƙi yi masa aiki.

Ni ba malami ba ne, amma tun a makarantar allo muka ji dabbobi huɗu da ba sa isar wa layya: mai ido ɗaya bayyananne, marar lafiyar da ciwonta ya fito fili, gurguwa, da ramammiyar da ba ɓargo. Layya koyi ce da Annabi Ibrahim, alaihissalam, wanda bai yi rowar abin da ya fi so ba. Allurar da ta ɓoye ciwo na kwana uku ba ta warkar da rago ba, mai saye kawai ta rufe wa ido. Wasu suna cewa ai dillalai ke yi. Dillali na yi, amma kwalbar sau da yawa a gidanmu take.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu: rigakafi da maganin tsutsa a gama su tun farkon turka. Da an ga watan Zulƙida, duk allura ta bi ta hannun ma'aikacin dabbobi, a rubuta ranar a littafin ƙungiya, a shafa wa ragon fenti a ƙaho. Wanda ragonsa ya faɗi a makon salla kuma, asusun ƙungiya ya ranta masa, don kada yunwa ta tura shi kasuwa.

Ragon dattijon ya warke. Bayan wata guda ya sayar da shi ga masu suna, ƙasa da kuɗin salla, kuma har yau yana tuna mini.