Ƙidayar Kawuna Ba Rigakafi Ba Ce

Tun da aka tabbatar da ɓullar cutar SIDA a Nijar cikin shekarar 1987, da wuya a samu kalmar da ta ci kuɗin masu ba da tallafi kamar "faɗakarwa". A kafa rumfa a wata unguwa ta Yamai, a ɗauko makaɗi da amsa-kuwwa, a raba riguna da huluna, sa'an nan a zagaya da takardar sa hannu. Wannan takarda ita ce amaryar bikin. Daga cikinta ake fitar da adadin waɗanda aka ce saƙo ya kai gare su, adadin ya shiga rahoton wata uku, rahoton ya tashi zuwa Janeba ko Washinton, kuɗin zango na gaba su sauko. Abin da mai dangwala yatsa ya fahimta, da abin da ya aikata bayan an naɗe tabarma, ba su da gurbi a jadawalin.

Ba mugunta ta haifi wannan tsari ba. Asusun Duniya na yaƙi da SIDA, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002, an gina shi bisa ƙa'idar cewa sai an nuna sakamako ake sakin kuɗi. A 2003 Bankin Duniya ya ba Nijar dala miliyan 25 domin wannan yaƙi. Mai ba da irin waɗannan kuɗi yana da majalisar da za ta tuhume shi, saboda haka yana son abin da ake iya ƙirgawa. Kwaroron roba ana ƙirga shi, mahalarta taro ma haka. Amanar da ke sa mace ta koma karɓar sakamakon gwajinta kuwa ba ta hawa sikeli, sai aka bar ta a baya.

To amma dubi yadda cutar take a ƙasarmu. Binciken lafiyar al'umma na 2006 ya samu kashi 0,7 cikin ɗari na manya ɗauke da ƙwayar cutar, na 2012 ya samu 0,4. A tsakanin mata masu zaman kansu kuwa, binciken 2011 ya samu wajen kashi 17 cikin ɗari. Ke nan wutar a wasu ƴan ɗakuna take ci: gidajen waɗannan mata, tashoshin manyan motoci, garuruwan kan iyaka, da gidajen ƴan ci-rani da ke dawowa daga Abijan su tarar da matansu. Isa ga waɗannan mutane aiki ne na dare, na haƙuri, na komawa sau goma wurin mutum guda. Ma'aikacin da aka ɗora wa kan mutum dubu biyar kafin ƙarshen wata ba zai yi shi ba. Zai nufi filin makarantar sakandare, inda kawuna ɗari takwas ke jere suna jiran a tashe su. Ba ragonci ya yi ba. Abin da aka auna shi da shi ya kawo.

Za a ce mana, ai ga shi alƙaluman sun sauka, me kuma ake so? Sun sauka, alhamdu lillahi. Sai dai a yi hattara wajen raba ladan. Yawan masu ɗauke da cuta yana raguwa idan an hana sabon kamu, yana kuma raguwa idan masu ita sun mutu. Ban da haka, kusan kowane namiji a Nijar an yi masa kaciya, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu, Kenya da Uganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna cewa kaciya tana rage haɗarin kamuwar namiji da wajen kashi 60 cikin ɗari. Wanzamai sun yi wannan aiki tun kafin a haifi furoje na farko, ba su kuwa taɓa rubuta rahoto ba.

Inda aka yi aiki mai kyau, an san shi. Ƙungiyar Animas-Sutura ta sa wa kwaroronta suna Foula, wato hula, ta ɗauki ɗan kokowa Balla Harouna ya tallata shi, ta yi wasannin rediyo cikin harsunan ƙasa. Wanda ya ciro kuɗinsa ya sayi abu ya fi kusa da amfani da shi bisa wanda aka cusa wa a aljihu a wurin taro. A ɗaya gefen, binciken Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan da aka buga a 2003, wanda ya haɗa da asibitocin Yamai, ya bayyana yadda tsawa da wulaƙanci ke korar marasa lafiya. Ungozomar da ta faɗi sakamakon mai ciki a gaban layi ta cika adadin gwajinta na ranar, ta kuma kori matan unguwa guda daga awo.

Ku malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, ku aka fi haya domin cika waɗannan takardu. An kawo muku wasan kwaikwayo da aka rubuta da Faransanci, aka juya shi cikin Hausar da ba a jin ta a kowace kasuwa, aka ce ku yi shi sau talatin kafin watan Disamba. Kuna da ikon cewa a'a, ko ku gindaya sharaɗi: mu za mu rubuta, a bakin mutanenmu, kuma bayan wata shida za mu koma wa ajin nan ɗaya mu ji abin da ya zauna.

Ba mu ce a daina lissafi ba. A ƙirga abin da ke da wuyar samu. Cikin waɗanda aka samu da ƙwayar cutar bara, nawa ke shan magani har yau? Cikin jariran da uwayensu ke ɗauke da ita, nawa aka gwada, nawa suka tsira? Manufar 95-95-95 ta hukumar ONUSIDA ta matso kusa da wannan, tun da kasonta na uku yana tambayar ko maganin ya danne ƙwayar cutar a jini. Amma ita ma, idan aka mayar da ita gasar kai adadi, za a koma gwada masu sauƙin samu.

Tun watan Janairun 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, har ta rufe hukumar USAID, rijiyar da duniya ke ɗiba ta ja baya, kuma Asusun Duniya da kansa ya rage kason ƙasashe a shekarar 2025. Dole za a yanke wani abu. Idan jadawali ne zai yi zaɓin, rumfa da riguna za su tsira domin suna ba da adadi mai yawa da kuɗi kaɗan, a sallami matar da ke bin gidaje da dare tana tambayar wadda ta daina zuwa karɓar magani.