Kafin a saka tasha cikin salula, a fara tambayar masu zuwa kasuwa

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da 'yan'uwa 'yan kasuwa da ke kai da kawo tsakanin Sae Sabuwa, Tibiri, Maraɗi, Gidan Rumji, Agye da Gazawa, yau maganar tafiya za mu yi, kuma da dalilinmu. Kwanan baya wasu samari uku 'yan makaranta suka same mu a gidan rediyon da muke aiki, suna neman mu ba su fili su yi tallar wata manhaja da suke haɗawa, wato irin ɗan tsarin nan da ake sakawa cikin babbar salula. Aikinta, in ji su, shi ne mutum ya zaɓi garin da zai tashi da wanda za shi, ta nuna masa kuɗin mota da lokacin tashi, har ya kama wuri tun yana gida. Ba su gama ta ba, samfuri ne na gwaji. Mun yaba da himmarsu, amma da muka tambaye su wa da wa suka ba ya gwada, sai suka ce abokansu na aji, kuma duk sun ce ta yi kyau. Muka ce to, fili sai nan gaba, ku zo mu je tasha tukuna.

Ranar da muka je Sae Sabuwa, mutum na farko da aka miƙa wa salular wata dattijuwa ce mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda ta fi shekara ashirin tana bin hanyar Maraɗi. Ta juya wayar sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, ina ake danna ta yi magana?" Yaron ya ce, "Inna, ba ta magana, karantawa ake yi." Ta mayar masa da abinsa. Da ya karanta mata kuɗin motar da suka rubuta don misali, ya ce ɗari biyar, sai ta dafe ƙirji ta ce wace mota ce wannan, ta zinariya? Kowa a nan ya san dalili. Mu da dala muke ƙirge: abin da aka rubuta 500 a takarda, a bakin kasuwa dala ɗari ne, wanda kuwa ya ce ɗari biyar, jika biyu da rabi ke nan yake nufi. Wata huɗu yaran nan suka yi suna aiki ba su ga wannan ramin ba, ita cikin minti biyu ta nuna musu shi.

Daga nan abin ya yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Manhajar ta ce mota za ta tashi ƙarfe 8. Ɗan kamasho ya yi dariya ya ce mota tana tashi ne idan ta cika, kuma cikarta ranar kasuwa daban, ranar da ba kasuwa daban. Manyan bas-bas irin na Rimbo ko SONEF da ke zuwa Yamai da Damagaram su ke da agogo da tikiti, amma mai jarka huɗu da kwando biyu ba su take hawa ba. Sannan babu ko gurbi ɗaya da aka ware wa kaya, alhali ga ɗan kasuwa kuɗin kujera ƙaramin abu ne. Abin da ke cinye riba shi ne kuɗin buhu, da na jarka, da na akuyar da za a ɗaure a sama, da na mai amalanke ko ɗan kabu-kabun da zai fito da kayan daga ƙauye zuwa bakin kwalta. Duk waɗannan da ciniki ake yanke su, ido da ido. Ga kuma sunayen garuruwa: wani ya rubuta Gidan Rumji, manhajar ta ce babu wannan gari, don ita Guidan Roumdji ta sani, kamar yadda ba ta san Gazawa ba sai Gazaoua.

Kada wani ya ɗauka muna cewa mutanenmu ba su iya da sabon abu ba. Wata malamar jami'a 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar ta duba abin da ya faru tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Babu wanda ya tara 'yan kasuwa a aji ya koya musu. Sun ga kira ɗaya yana hutar da su tafiyar yini guda don jin farashin gero, suka rungume shi. Haka aika kuɗi ta Nita ko Amana ya zama ruwan dare, saboda ya kashe wata ƙishirwa ta gaske. Ashe ke nan idan aka kawo abu 'yan kasuwa suka ƙi shi, mai abin ne ya kamata ya koma ya duba aikinsa.

Kuma akwai inda aka yi irin wannan aiki ta hanyar da ta dace. A Nairobi ta ƙasar Kenya, ƙananan motocin haya da suke kira matatu su ma ba su da jadawali a rubuce, kamar namu. A 2013 ɗaliban Jami'ar Nairobi, tare da malaman wasu jami'o'in Amurka, suka riƙa shiga motocin nan da salula a hannu suna bin kowace hanya, suna rubuta inda ake tsayawa da sunan da jama'a ke kiran wurin. A 2014 suka fitar da taswirar hanyoyi fiye da 100, a 2015 kuma Google ya saka ta cikin taswirarsa. Sun fara ne daga cikin mota, kafin su zauna gaban kwamfuta. Masana wannan sana'a ma sun daɗe da faɗi: Jakob Nielsen ya rubuta tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yana tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da abu. Sharaɗin dai su zama mutanen da aka yi abin dominsu. Ba ya ma buƙatar kuɗi mai yawa, ana iya zana fuskar wayar a kan kwali, a ce wa mutum nuna mini inda za ki danna idan za ki Tibiri da buhu uku, mai zanen ya rufe bakinsa ya zura ido.

To amma fa akwai abin da ya fi duk wannan nauyi, kuma wani alhaji mai harkar dabbobi ne ya tayar da shi. Ya ce, "Yarana, idan na rubuta cewa jibi da asuba zan tashi zuwa kasuwa, wa zai gani?" Suka yi shiru. Duk wanda ke zaune a wannan jiha ya san abin da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane suka yi wa ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa da ke kan iyaka a shekarun nan. Ɗan kasuwa ba ya faɗin ranar tafiyarsa ko ga maƙwabci, balle ya ajiye ta tare da sunansa da lambarsa a wurin da bai san mai riƙe da makulli ba. A ganinmu, duk manhajar da ba ta da amsar wannan tambaya bai kamata ta fita daga ɗakin masu ita ba. Haka nan dole ta san cewa hanya a nan ba ta zama yadda take: damina na yanke ta, iyaka kuma na rufewa, kamar yadda Najeriya ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Mai zuwa Jibiya ta Ɗan Isa ya fi buƙatar jin ko hanya a buɗe take da kuma yadda naira ta kwana, fiye da hoton mota mai kyau.

Ku kuma iyayenmu da 'yan'uwa, muna da roƙo gare ku, domin irin waɗannan yara za su ci gaba da zuwa, wasu daga jami'ar Maraɗi, wasu daga Yamai, wasu da ƙungiyoyin agaji a bayansu. Mun san halinmu na kara, a nuna wa mutum abu bai gane ba amma ya ce ya yi kyau don kada a ji kunya. Wannan karar cutarwa ce, gare su da gare ku. Idan ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba. Idan wayar gidan ɗaya ce, tana hannun maigida ko ɗa, kuma mai maɓalli ce, ku faɗa. Idan sun tsayar da ku rabin awa ranar kasuwa, ba laifi ba ne ku ce su sayi wani abu, lokacinku ma jari ne. Lambar sirri ta ajiyar kuɗinku kuwa, ko wane ne ya zo da sunan gwaji, kada ku ba shi.

Su 'yan kamasho da direbobi, waɗanda wasu ke ganin manhaja za ta raba su da abincinsu, a wannan rana su ne suka fi kowa ba da bayani. Abin da yaran ke son sakawa cikin waya a kawunansu yake, don haka a shigo da su tun farko, a kuma biya su.

Yaran sun koma da littafi cike da gyara, ciki har da saka murya da Hausa da ƙirge da dala. Mun yi musu alƙawarin fili a shirinmu ranar da mata goma masu bin kasuwa suka iya neman mota da ita ba tare da wani ya kama musu hannu ba. Dattijuwar nan mai man gyaɗa ta ce a sa ta cikin goman, amma su zo bayan la'asar, idan ta gama ciniki.