Zare: Jami'a guda a hamadar Texas, da mu masu cewa wasa ɓata lokaci ne

1/ Duk wanda zai sake ce min wasanni a jami'a ɓata lokaci ne, ko ya ce "ai Turawa ne ke sace mana ƴan wasa", ya matso kusa. Yau tarihin jami'a ɗaya tak zan kawo, UTEP ta Amurka. Zaren da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana sai anjima. 🧵

2/ UTEP tana garin El Paso a jihar Texas, dab da iyakar Mekziko. Daga harabar makarantar kana hango gidajen birnin Juarez. Hamada ce: rana, ƙura, duwatsu. An kafa ta a 1914 don koyar da haƙar ma'adinai, shi ya sa har gobe ake kiran ƙungiyoyinta Miners, wato mahaƙa. A 1949 ta koma Texas Western, a 1967 ta zama UTEP.

3/ Ko a Texas ɗin ma ba ta cikin manyan jami'o'i masu kuɗi. Amma ta ci kofin ƙasa na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, har sau 21. Ɗaya a ƙwallon kwando, 20 a guje-guje da tsalle-tsalle.

4/ Mu fara da guda ɗayan, don shi ya fi ƙara. Ranar 19 ga Maris 1966, wasan ƙarshe na ƙwallon kwando, Texas Western da Kentucky. Kentucky su ne sarakunan wasan a lokacin, kocinsu Adolph Rupp ya riga ya ci kofin sau 4, kuma ƴan wasansa kaf farar fata ne. Babu baƙi ko na shafawa.

5/ Kocin Texas Western, Don Haskins, shi ma Bature ne. Sai ya fara wasan da baƙaƙen fata biyar: Bobby Joe Hill, David Lattin, Orsten Artis, Willie Worsley da Harry Flournoy. Ba a taɓa yin haka a wasan ƙarshe ba. Canji ma da zai yi, baƙaƙe biyu ya sako, Willie Cager da Nevil Shed. Aka tashi 72 da 65. Mahaƙa suka ɗaga kofi.

6/ Ku tuna wane zamani ne. Shekara biyu kacal da sa hannu a dokar da ta haramta wariyar launin fata a 1964. A kudancin Amurka ana ta yaɗa cewa wai baƙar fata akwai ƙarfi amma babu nutsuwa, dole sai da Bature a fili yana tsara su. Minti 40 na wasa suka ƙaryata zancen a gaban talabijin. Haskins ya sha wasiƙun zagi bayan nan. Kentucky kuwa sai a 1969 ta ɗauki baƙin ɗan wasanta na farko.

7/ An yi fim a kai a 2006, Glory Road. Kuma daga 1966 ɗin, babu wata jami'ar Texas da ta sake cin wannan kofi na maza sai Baylor a 2021. Shekara 55. To malam mai cewa wasa ɓata lokaci, wace lacca ce ta girgiza tunanin ƙasa guda a dare ɗaya irin haka?

8/ Kar wani ya zaci waliyyai nake kawo muku. Wannan jami'ar dai, shekara biyu bayan kofin, ta yi abin kunya. A watan Afrilun 1968, kwanaki kaɗan da kashe Martin Luther King, wasu baƙaƙen ƴan wasanta suka ƙi zuwa gasa da jami'ar Brigham Young saboda yadda cocin da ke da makarantar ke ware baƙar fata. UTEP ta ƙwace musu tallafin karatu.

9/ Cikin waɗanda aka kora daga ƙungiyar akwai wani yaro, Bob Beamon. Wata shida bayan haka, 18 ga Oktoba 1968, a gasar Olamfik ta birnin Mekziko, ya yi dogon tsalle na mita 8.90. Ya ƙara santimita 55 a kan tarihin duniya a tsalle ɗaya. Sai a 1991 Mike Powell ya karya shi, kuma a Olamfik har yau ba wanda ya taka shi. 😭

10/ Yanzu ga inda maganar ta shafi Afirka. Daga wajen 1974 zuwa 1981, ƙarƙashin koci Ted Banks, UTEP ta zame wa sauran jami'o'i ƙarfen ƙafa a tsere. Sirrin a fili yake: Banks ya riƙa ɗebo samari daga Kenya, Tanzaniya da kudancin Afirka, ya ba su gurbin karatu, abinci, fili da jadawalin gasa.

11/ A gudun ƙetare daji, lissafin haka yake: a tara lambobin da mutum biyar na farko na kowace ƙungiya suka zo, mai ƙaramin jimla ita ta ci. In naku suka zo na 1, 2, 3, 4, 5, jimla 15 kenan, babu ƙasa da haka. A 1981 UTEP ta tashi da 17. A gasar ƙasa baki ɗaya fa. Wannan ai ba tsere ba ne, rakiya sauran suka yi.

12/ Suleiman Nyambui ɗan Tanzaniya shi kaɗai ya ci kambun NCAA 15. Yana ɗalibi a can ya je Olamfik ta Mosko a 1980 ya ɗauko wa Tanzaniya azurfa a mita 5000. Tutar Tanzaniya aka ɗaga masa. Ku riƙe wannan, masu zancen "sata", zan dawo kanku.

13/ Kociyoyin Amurka sun yi ta ƙorafi cewa ana kawo manyan maza daga waje suna tsere da yaransu, kuma akwai ƙamshin gaskiya, don Nyambui ya kai kusan 25 kafin ya shiga. Kofin gudun ƙetare daji na 1983 ma ƙwace shi aka yi saboda karya doka. Na faɗa ne don kar wani ya zo ƙasan zaren yana "ka ɓoye". Ban ɓoye ba. Hukumarsu ce da kanta ta kama su ta hukunta, wannan ma darasi ne.

14/ Sai namu na gida. Olapade Adeniken: a 1992 ya ci mita 100 da mita 200 na NCAA da rigar UTEP, a shekarar kuma yana cikin huɗun da suka ɗauko wa Najeriya azurfa a tseren miƙa sanda na 4x100 a Basalona.

15/ Blessing Okagbare daga Sapele: lambar dogon tsalle a Beijin 2008, tagulla da daga baya aka mayar azurfa, sannan a 2010 ta haɗa mita 100 da dogon tsalle na NCAA. Ƙarshenta bai yi kyau ba, a 2022 aka dakatar da ita shekara 11 kan ƙwayoyin ƙara kuzari. Wannan laifinta ne, ba zan wanke ta ba.

16/ Sai Tobi Amusan ta Ijebu-Ode. Ta shiga UTEP a 2016, a 2017 ta ci kambun NCAA na tsallake shinge mita 100. Wadda ta horar da ita, Lacena Golding-Clarke, ƴar Jamaika ce. Ranar 24 ga Yuli 2022 a Eugene, Tobi ta yi daƙiƙa 12.12, sabon tarihin duniya, sannan ta ci zinare a ranar. Ita ce ta farko daga Najeriya da ta zama zakaran duniya a wasannin guje-guje.

17/ A wannan gasar dai Emmanuel Korir na Kenya ya ci zinaren mita 800, bayan wanda ya ci a Olamfik ta Tokiyo. Shi ma ɗan UTEP. Zinare biyu a gasar duniya ɗaya daga tsofaffin ɗaliban makaranta guda.

18/ Tambaya: a daren da muke ta ɗora hoton Tobi tana hawaye ana taken ƙasa, ina ɗaliban jami'o'in gwamnatin Najeriya suke? Suna gida. Yajin aikin ASUU ya fara 14 ga Fabrairu 2022, ya ƙare 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Da a gida ta tsaya karatu, a wane fili za ta yi atisaye, da wa za ta yi gasa?

19/ To masu cewa sata. Me aka sace? Adeniken, Okagbare, Tobi, duk kore da fari suka sa. Wasu ne suka ciyar, suka horar, suka yi jinyar rauni, mu muka karɓi lamba muka yi hoto da ita. In ma akwai mai cin gumin wani a wannan ciniki, ku duba da kyau ku ga wane ne.

20/ Wadda ta bar mu da gaske ma ture ta aka yi. Annette Echikunwoke ta zaɓi Najeriya don Tokiyo, sai ta faɗa cikin ƴan wasanmu 10 da aka hana shiga saboda ba a yi musu gwajin ƙwayoyi yadda doka ta ce ba. Ta koma wa Amurka, ta ci azurfa a jifan guduma a Faris 2024. Mu kuma muka dawo daga Faris hannu rabbana, ko tagulla babu.

21/ Sai ɗaya ɓangaren, kuma wannan namu ne na Arewa, kar mu yi wa juna ƙarya. Yaro ya iya gudu, ana ce masa ɗan tamore. Yarinya kuwa ko maganar ba a yi. "Je ka yi karatu." To a tsarin NCAA, in makinka ya faɗi ƙasa da ƙa'ida, benci za ka zauna komai gudunka. Ƙafar ce ke biyan kuɗin makaranta, littafin kuma shi ke ba ka izinin shiga fili. Ɗan talaka nawa muka sani da ya bar jami'a kan kuɗin rajista, alhali yana da abin da wata makarantar za ta biya domin sa?

22/ Wani zai ce ai Amurka ce, suna da kuɗi. Na yarda, ba za mu gina irin filayensu gobe ba. Amma gudun dogon zango me yake ci? Takalmi, abinci, agogo, koci mai albashi, da gasa a kan kari wadda ba a ɗagawa. Kuɗin motar babban jami'i ɗaya zai riƙe ƙungiyar masu gudu tsawon lokaci.

23/ Ga abin da ya fi ci min rai. El Paso tana kan tudu, sama da mita 1,100 daga teku, kuma tsayin wuri na taimaka wa mai gudun nesa, don jiki na sabawa da ƙarancin iska. Jos ta kai wajen mita 1,200, ita ma garin mahaƙa ce, na kuza. Mambila ta fi su duka tsayi. Allah Ya riga Ya ba mu filin kyauta.

24/ Gasar jami'o'inmu, NUGA, a 1966 aka fara ta a Ibadan, shekarar da Texas Western ta ci Kentucky. Sa'anni ne. Ba tare da ka yi bincike ba, faɗa min sunan zakaran mita 100 na NUGA da ta wuce. Ko jami'ar da ta zo ta ɗaya. Ina jira.

25/ Ɗalibai, ga aiki. Gobe ka bi ta filin wasan makarantarku ka ɗauki hoton hanyar tsere yadda take, ko ciyawa ce, ko awaki, ko wurin koyon mota. Sannan ka duba takardar rajistarka ka ga ko akwai kuɗin wasanni a ciki, nawa ne. Ajiye min duka biyun a ƙasan zaren nan. 👇🏾